Fatsar Ƙwaro a Kogunan Ingila: Dangantakar Halayyar Kifi da Dabarun Kamu da Ladubban Kogi

1.0 Gabatarwa

Su tsohuwar sana'a ce a wurin ɗan'adam, kuma kowace al'umma da ke zaune kusa da ruwa tana da nata hanyoyin yin sa. Masuntanmu sun san taru da birgi da homa da mali, sun kuma san fatsa, watau a sa tana ko wani abinci a ƙugiya a jefa cikin ruwa a jira. A wannan takarda za mu yi bayani ne a kan wani nau'in fatsa da ya bunƙasa a ƙasar Ingila, daga can ya bazu zuwa Amurka da wasu ƙasashe. A wannan nau'i ba a sa wa ƙugiya abinci ko kaɗan. Gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba ake ɗaura mata har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan a jefa ta inda kifi ke kiwo. Za mu kira wannan hanya fatsar ƙwaro, ƙugiyar da aka yi wa ado kuwa mu kira ta ƙwaron gashi.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa dabarun wannan fatsa da mafi yawan ladubbanta duk daga halayyar kifi suka samo asali. Wanda ya fahimci yadda kifi ke gani da ji da kiwo zai iya gano dalilin kusan kowace ƙa'ida da kansa. Za mu kuma nuna cewa akwai ƙa'idojin da ba kifi ne ya haife su ba, al'adar masu hali ce kawai, kuma wajibi ne manazarci ya rarrabe tsakanin biyun. Kifin da za mu fi dogara da shi wajen misali shi ne turawut, wanda masana ke kira Salmo trutta, sai kuma ɗan'uwansa samon a inda ya dace.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Bayani mafi daɗewa da aka fi ambata shi ne na wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ya ce mutanen Makidoniya sukan naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura fuka-fukai biyu na gashin zakara, su yaudari wani kifi mai ɗige-ɗige da shi. A Ingila kuwa, a shekarar 1496 aka buga wani ɗan littafi a kan fatsa wanda ake danganta shi da wata mata, Juliana Berners, a cikinsa an bayyana yadda ake ɗaura ƙwari goma sha biyu gwargwadon watannin kamu. Izaak Walton ya fito da littafinsa The Compleat Angler a 1653, abokinsa Charles Cotton kuma ya ƙara masa wani kashi a 1676 wanda ya keɓanta ga fatsar ƙwaro a kogin Dove.

Sai dai a ƙarni na 19 ne abin ya zama ilmi mai tsari. A 1836 Alfred Ronalds ya wallafa littafin da ya jera hotunan ƙwarin kogi na gaskiya kusa da na gashi da ake kwaikwayonsu da shi. Kafin wannan ya gina wata 'yar bukka a bakin kogin Blithe, inda yakan ɓoye yana kallon kifi ba tare da kifin ya gan shi ba. Bayansa aka yi Frederic Halford, wanda littattafansa na 1886 da 1889 suka kafa tsarin busasshen ƙwaro a kogin Test, da G. E. M. Skues, wanda ya fito da hanyar ƙwaron tsutsa a kogin Itchen ya kuma bayyana ta a 1910. Za mu dawo kan saɓanin waɗannan mutane biyu a sashe na 5.

Kogunan Test da Itchen da Avon, a kudancin Ingila, su ake kira kogunan alli. Ruwansu daga ƙarƙashin duwatsun alli yake ɓuɓɓugowa, saboda haka garai-garai yake, sanyinsa a maɓuɓɓuga kuma bai cika kauce wa digiri 10 zuwa 11 a ma'aunin santigiret ba, rani da hunturu. Mafi yawan irin waɗannan koguna na duniya a Ingila suke. Tsabtar ruwan ita ta sa mai fatsa ke ganin kifi, kifi ma yana ganinsa, daga nan ne kuwa dukkan dabarun suka taso.

3.0 Halayyar Kifi

3.1 Zafi da numfashi

Jikin kifi ba ya riƙe zafin kansa, zafin ruwa yake bi. Ruwa kuwa in ya ɗumama, iskar oksijin da ke narke cikinsa raguwa take yi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi takan riƙe miligiram 11 da 'yan kai a digiri 10, wajen miligiram 9 a digiri 20, ƙasa da 8 a digiri 30. Matsalar ita ce a daidai lokacin da iskar ke raguwa, a lokacin ne bukatar jikin kifin ke ƙaruwa. Turawut ya fi girma da sauri in ruwa na wajen digiri 13 zuwa 14, yakan takura in ya haura 20, kusa da 25 kuwa mutuwa yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a samunsa a Kwara ko Binuwai, amma ya rayu a kogunan tsaunukan Kenya, inda Turawa suka kai shi a 1905.

3.2 Wurin kiwo

Kifin kogi kullum fuskantar inda ruwa ke fitowa yake yi, domin ta haka ruwa ke ratsa bakinsa ya yi numfashi, ta haka kuma abinci ke iso masa. A nan akwai lissafi. Ruwa mai gudu shi ke kawo ƙwari da yawa, amma tsayawa a cikinsa na cin ƙarfi, in gudun ruwa ya ninka sau biyu turin da yake yi wa jikin kifi yakan ninka kamar sau huɗu. Saboda haka kifin yakan nemi wurin da ruwa ya lafa amma yana daf da mai gudu: bayan dutse, gaban dutse inda ruwa ke dannuwa, gefen ciyawar ruwa, ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule. Daga nan sai ya ɗan zabura ya cafki abinci ya koma mazauninsa.

Robert Bachman ya shafe shekaru yana kallon turawut daga kan hasumiya a wani rafi na jihar Pennsylvania ta Amurka, ya kuma buga sakamakonsa a 1984. Ya tarar kowane kifi yana da 'yan wuraren kiwo ƙayyadaddu da yake komawa gare su kullum, kuma akwai girma-girma a tsakaninsu, babba na korar ƙarami. Wannan ya gaskata abin da masu tsaron kogi suka daɗe da sani, cewa in an kama babban kifi a wani mazauni, ba da jimawa ba wani zai gaje shi.

3.3 Gani

Haske yakan karkace in ya shiga ruwa daga iska. Sakamakon haka, duk abin da ke saman ruwa kifi yana ganinsa ne ta wata kewayayyiyar taga da ke bisa kansa, wadda buɗinta ya kai digiri 97 na kusurwa. A wajen wannan taga, fuskar ruwa madubi ce a wurinsa, ƙasan kogi kawai take nuna masa. Faɗin tagar ya ɗan fi zurfin kifin sau biyu, watau kifin da ke zurfin rabin mita tagarsa ta ɗan haura mita ɗaya, wanda ke daf da fuskar ruwa kuwa tasa ba ta wuce faɗin faifai ba.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, hasken da ya zo a kwance, ƙasa da digiri 10 daga fuskar ruwa, mafi yawansa ba ya shiga, kuma surar da yake kawowa a matse take a gefen tagar. In muka yi lissafi, mutum mai tsawon mita 1.7 da ke tsaye daidai da ruwa yana ƙarƙashin wannan iyaka in ya yi nisan mita 10, amma in ya matso zuwa mita 5 sai ya durƙusa. Na biyu, kifin da ke kiwo daf da fuskar ruwa ya fi sauƙin kusanta, sai dai dole a sa masa ƙwaro daidai kan hanyarsa, tun da tagarsa ƙarama ce. Har wa yau idanun kifi a gefen kai suke, yana gani gaba da gefe, amma akwai wani yanki a bayansa da ba ya gani.

3.4 Ji

Sauti na tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwa, alhali a iska wajen 340 yake yi. Amma sautin iska kusan dukkansa komowa yake yi in ya bugi fuskar ruwa. Ronalds ya gwada wannan da kansa: ya sa aka harba bindiga kusa da bukkarsa ta yadda kifi ba zai ga walƙiyarta ba, kifin bai ko motsa ba. Abin da ke korar kifi shi ne girgizar da ta bi ta ƙasa ko ta ruwa, kamar takun mai nauyin ƙafa a gaɓa, ko gogar tsakuwa, ko ƙananan raƙuman ruwa da mai kutsawa ke turawa gabansa. Ban da kunnen da ke cikin kansa, kifi yana da wani layi a kowane gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda ke sanar da shi motsin ruwa na kusa.

3.5 Abinci

Babban abincin turawut ƙwarin da ke rayuwa cikin kogi ne. Misali mafi shahara shi ne wani ƙwaro da ake kira Ephemera danica. Yakan yi kamar shekara biyu yana tsutsa cikin laka da yashin ƙasan kogi. A ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni sai ya taso zuwa fuskar ruwa, ya tsage rigarsa, ya fito da fuka-fukai, ya ɗan yi iyo kafin ya tashi zuwa ganye. A can ya sake saɓa, ya yi barbara a iska, macen ta zuba ƙwai a ruwa, ta faɗi ta mutu. Babban ba shi da bakin ci, 'yan kwanaki ne iyakar ransa. Wanda ya taɓa ganin fitar shinge bayan ruwan farko da yadda tsuntsaye da ƙadangaru ke rububinsa zai gane yadda kogin ke kasancewa a waɗannan makonni.

Idan ƙwaro iri ɗaya ya yi yawa, kifi yakan tsaya a kansa, har a kan mataki ɗaya na rayuwarsa, ya ƙyale saura. Ana gane matakin daga irin tasowar kifin. Tsotsa a hankali mai barin ƙaramin zobe alama ce ta mataccen ƙwaro da ke kwance a kan ruwa. Fantsama mai ƙarfi na nuna ƙwaron da ke shirin tashi. In ruwa ya yi tozo kawai ba a ga baki ba, ko aka ga farin bakin kifi na buɗewa a ƙasa, to tsutsa yake ci kafin ta iso sama.

4.0 Kayan Aiki da Dabaru

4.1 Kayan aiki

Ƙwaron gashi bai kai giram ɗaya ba, don haka ba ya jefuwa da kansa. A fatsar da muka sani, nauyin dalma ko na abinci ke jan zare. A nan kuwa igiyar ce ke da nauyi, ita ke ɗaukar ƙwaron. Tun daga 1961 ake bai wa igiyoyi lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farkonsu, igiya mai lamba 5, wadda aka fi amfani da ita ga turawut, tana da wajen giram 9 a wannan tsawo. A da da gashin wutsiyar doki ake tufka igiya, daga baya aka koma siliki, tun daga shekarun 1950 kuma sai roba. Sanda takan kai ƙafa 9. A zamanin Halford da gora ake yin ta, a tsaga gida shida a manne, a farkon shekarun 1970 aka fara yin ta da zaren kabon mai sauƙin nauyi. A gindinta akwai kwarkwaro mai naɗe igiya. Tsakanin igiya da ƙwaro kuma akwai tsarkiya, watau siririn zare mai kama da ruwa, wanda ke ƙara sirancewa har ƙarshensa ya yi kaurin gashi biyu ko uku.

4.2 Jifa

Mai jifa yakan ɗaga sanda da saurin da ke ƙaruwa, ya tsayar da ita cak in ta ɗan wuce kansa, ya dakata igiya ta miƙe a bayansa, sa'an nan ya turo ta gaba ya sake tsayarwa. Tsayarwar ita ke sa igiya ta yi lanƙwasa ta warware a iska. Kuskuren ɗan koyo guda biyu ne: ko ya yi gaggawa bai jira igiya ta miƙe ba, sai ta yi ƙara kamar bulala ƙwaron ya tsinke, ko ya kai sanda baya ƙwarai igiya ta faɗi ƙasa. Inda bishiyoyi suka hana jifa ta baya, akan mirgina igiya a kan ruwa daga gaba. A manyan kogunan Sikotilan an ƙirƙiro wata jifa da doguwar sanda ta hannu biyu, wadda ta ɗauki sunan kogin Spey.

4.3 Busasshen ƙwaro

Wannan shi ne ƙwaron da ke iyo a kan ruwa. Mai fatsa yakan fara ganin kifi mai kiwo tukuna, ya lallaɓo ta bayansa daga ƙasan kogi, ya durƙusa, ya jefa ƙwaro kamar mita ɗaya gaban kifin don ruwa ya gangaro masa da shi. Kowane mataki a nan amsa ce ga abin da muka faɗa a sashe na 3. Babbar matsala ita ce jan igiya. Gudun ruwa ba ɗaya ba ne daga gaɓa zuwa gaɓa, in tsakiyar igiya ta faɗa ruwa mai sauri sai ta ja ƙwaron ya riƙa tsaga ruwa. Ƙwaron gaskiya ba ya yin haka, kifi kuma yakan ƙi shi nan take. Maganinta shi ne a jefa igiya da ɗan sako-sako, ko a ɗaga tsakiyarta a juya ta sama bayan ta sauka.

4.4 Ƙwaron tsutsa da jiƙaƙƙen ƙwaro

Skues yakan zura ƙaramin cokali cikin kifin da ya kama, ya zuba abin da ya fito a farin faranti. Ta haka ya tabbatar cewa kifaye da yawa da ake zaton ƙwaron sama suke ci, tsutsa ce cike da cikinsu. Frank Sawyer, mai tsaron kogin Avon, ya ƙara gyara hanyar. Ya ɗaura tsutsa da gashin wutsiyar wani tsuntsu mai kama da zabo da siririyar wayar tagulla maimakon zare, don ta nutse da sauri, ya kuma bayyana wannan a littafinsa na 1958. Dabararsa ita ce a bar tsutsar ta nutse, in ta zo gaban kifi a ɗan ɗaga sanda ta yi kamar za ta gudu sama, sai kifin ya cafke. Wahalar ita ce gane lokacin cafkar, domin kifi kan tofar da abin da ya ji ba abinci ba ne cikin ƙiftawar ido. A kogunan arewacin Ingila masu duwatsu kuwa, inda ba a ganin kifi, akan jefa jiƙaƙƙun ƙwari biyu ko uku a tsarkiya ɗaya, a bi duk wuraren da ake zaton mazauni ne.

5.0 Ladubban Kogi

5.1 Tsakanin masu fatsa

Tun da mai neman turawut yana tafiya ne daga ƙasa zuwa sama, ruwan da ke gabansa shi ne rabonsa. Wanda ya zo ya tarar da shi ba ya shiga gabansa, ko dai ya fara daga bayansa ko ya ba shi tazara mai yawa. In zai wuce shi, yakan yi nesa da gaɓa, kada inuwarsa ko takunsa su kori kifin da wancan ya yi rabin sa'a yana lallaɓa. Mutumin da aka gani zaune a gaɓa bai jefa komai ba, mai yiwuwa jira yake kifin da ya tsorata ya dawo kiwo, don haka wurin nasa ne har ya tashi. Tambaya ita ce maganin shakka, a gai da mutum a ji ina ya nufa.

A fatsar samon ƙa'idar juyawa take yi. Samon in ya dawo daga teku don yin ƙwai ba ya cin abinci a kogi, yakan kwanta ne a gurabu masu zurfi. Masu fatsa sukan fara daga kan gurbi, kowa ya yi jifa ɗaya ya taka ɗaya zuwa ƙasa. Saboda haka sabon zuwa daga sama yake shiga, bayan na ƙarshe, kuma ba a yarda mutum ya kafe a wuri mai kyau ba. In wani ya kama kifi, na kusa da shi sukan naɗe igiyarsu su ba shi fili. Ƙa'idojin biyu sun saɓa a zahiri, amma manufarsu ɗaya ce, watau kada a riga wani zuwa ruwan da bai taɓa ba tukuna.

5.2 Tsakanin mai fatsa da mai ƙasa

A Ingila mai gonar da ke bakin kogi shi ke da ƙasan kogin har tsakiya, da haƙƙin kamu a cikinsa, yana kuma iya sayar da haƙƙin ko ba da hayarsa. Ƙungiyar Houghton, wadda aka kafa a 1822 a garin Stockbridge, tana riƙe da wani dogon yanki na kogin Test ta wannan hanya. Mai fatsa na bukatar lasin na hukuma, sa'an nan izinin mai ruwa. A jihar Montana ta Amurka kuwa, dokar 1985 ta bai wa kowa damar shiga kogi har iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika. A Sikotilan doka ta hana kamun samon ran Lahadi. Rufe ƙyauren gona da kwashe guntun tsarkiya, wadda kan shaƙe tsuntsaye, suna cikin haƙƙin mai ƙasa a ko'ina.

5.3 Tsakanin mai fatsa da kifi

Turawut na yin ƙwai daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu. Macen takan tona tsakuwa da wutsiya ta binne ƙwai, su yi makonni a ciki. Don haka ake rufe kamu a wannan lokaci, a kuma hana taka tsakuwar da aka ga ta yi haske. Yawancin masu fatsar ƙwaro sun koma sakin abin da suka kama, amma saki ba ya amfani in kifin zai mutu daga baya. A wani gwaji da Ferguson da Tufts suka buga a Kanada a 1992, kifin da aka gajiyar ba a fitar da shi daga ruwa ba kashi 88 cikin ɗari ya rayu, wanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30 kashi 62, wanda aka riƙe daƙiƙa 60 kuwa kashi 28 kacal. Daga nan ne aka sami ƙa'idojin danne kunnen ƙugiya, da gaggauta jawo kifi, da jiƙa hannu kada a goge yauƙin da ke kare jikinsa, da cire ƙugiya yana cikin ruwa. Saboda matsalar zafi da muka bayyana, hukumar Montana takan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare in ruwa ya kai wajen digiri 23 kwana uku a jere.

Akwai kuma cututtuka da baƙin halittu da takalma da raga ke ɗauka daga kogi zuwa kogi. Wata 'yar tsutsa mai cin fatar samon, wadda aka fara gani a Nowe a 1975, ta kusa ƙarar da samon a koguna da dama na ƙasar. A Niyu Zilan an hana takalma masu tafin ulu a 2008 bayan wata gansakuka ta bazu, a Birtaniya kuma an fara gangamin duba kaya da wankewa da shanyawa a 2011.

5.4 Ladabin da ba na kifi ba

Almajiran Halford sun mayar da busasshen ƙwaro tamkar farilla, suna ganin duk wanda ya nutsar da ƙwaro a kogin alli ya yi abin kunya. A 1938 aka yi muhawara a kan haka a wata ƙungiyar masu fatsar ƙwaro ta Landan, mafi yawan masu magana suka yi wa Skues taron dangi, a shekarar kuma ya bar yankin kogin Itchen da ya yi fiye da shekara 50 yana fatsa a cikinsa, yana da shekara 80. Hujjarsa daga cikin kifi ya ciro ta, tasu kuwa daga abin da suke ganin ya dace da mai mutunci. Daga baya hanyarsa ta karɓu. A ganinmu wannan ya isa ma'auni: ƙa'idar da za a iya nuna amfaninta ga kifi ko ga abokin fatsa takan dawwama, wadda ta dogara ga ra'ayin masu ruwa kawai takan shuɗe tare da su.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda tagar gani ta haifar da durƙuso da lallaɓowa ta baya, yadda ji ya haifar da nisantar gaɓa, yadda zaɓen abinci ya haifar da ire-iren ƙwaron gashi, da yadda numfashi da yin ƙwai suka haifar da rufe kamu da ƙa'idojin saki. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu, inda bikin su ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ana tsare Matan Fada daga masunta har ranar biki, Sarkin Ruwa kuma shi ke da iko da ruwan. Bambancin shi ne mai fatsar Ingila nishaɗi yake nema, masuncinmu kuwa abincin iyali, saboda haka ba duk ƙa'idar can ce za ta zauna nan ba.

Abin da Ronalds da Skues da Sawyer suka yi shi ne sun zauna sun kalli kifi, sun rubuta abin da suka gani. Masuntanmu ma sun san mazaunin giwan ruwa da lokacin hawan tarwaɗa da abin da tsage ke bi, sai dai kaɗan daga wannan ilmi aka rubuta da Hausa, ga shi kuwa ƙananan raga da guba suna rage kifi a ruwayenmu. Shawararmu ga malaman kimiyya da na Hausa a kwalejojin ilmi ita ce su haɗa kai su tura ɗalibai wurin sarakunan ruwa da tsofaffin masunta, a tattara sunayen kifaye da halayensu da dokokin su na gargajiya, sa'an nan a auna kowace doka da ma'aunin da muka kawo a sashe na 5.4.